KOWANE MAI RAI DA GURBINSA

Darasi domin Hakimai da Malamansu a kan zaman tare da gasa tsakanin shuke-shuke, itatuwa, dabbobi da tsuntsaye a gonakin arewacin Jihar Kano

 An shirya wannan darasi ne domin a bayyana wata ƙa'ida ta ilmin halittu wadda ta shafi gona da kiwo da itatuwa gaba ɗaya. Kowace shekara ƙararraki su kan zo zauren Hakimi: wannan ya ce inuwar itacen maƙwabcinsa ta kashe masa gero, wancan ya nemi iznin sare gawo, wani kuma ya kawo kukan wuta-wuta ta cinye masa dawa. In aka duba da kyau, yawancin waɗannan maganganu tushensu ɗaya ne, watau masu rai da yawa sun taru a wuri guda, kowa yana neman ruwa da abinci da hasken rana. Wanda ya san yadda Allah ya tsara zamansu, shi zai fi iya raba gardama da ba talakawa shawara mai amfani. Ana roƙon malamai su karanta darasin a tsanake, sa'an nan su karanta wa dagatai da masu unguwa ran da aka taru.

ƘASAR DA A KE MAGANA A KANTA

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta wajen arewa, kamar su Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bici, Ɗambatta, Kunci da Tsanyawa, tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. A shekarar 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan wannan yanki, inda mutane suka haura 350 a kowane murabba'in mil. Tun a wancan zamani mafi yawan ƙasar ana nome ta kowace shekara. Ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Kano tana da mutum fiye da miliyan 9. Saura ta yi wuya, gona tana jikin gona, burtali ya tsuke. Ruwan sama kuwa na wata huɗu ne zuwa biyar, daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma yawancin ƙasar jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe danshi da daɗewa. A irin wannan ƙasa duk ɗigon ruwa da duk mangalar taki suna da masu nema da yawa.

MAZAUNI DA GURBI

Masana ilmin halittu sun bambanta abu biyu. Na farko mazauni, watau wurin da mai rai ya ke zaune, kamar fadama, ko jigawa, ko kogon kuka. Na biyu shi ne abin da za mu kira gurbi a cikin wannan darasi, watau yadda mai rai ya ke neman abincinsa a mazaunin nan: me ya ke ci, a wane lokaci, daga wane zurfi ko wane tsawo, wa ke cinsa, wa ya ke amfana. Wani malamin Jami'ar Okusfod ta Ingila, Charles Elton, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1927, ya kwatanta gurbin dabba da sana'ar mutum a cikin gari.

Misalin kasuwa zai sauƙaƙa wannan. Kasuwa ɗaya ce, amma mahauci da maƙeri da baduku da mai ƙoli duk suna ci a cikinta lafiya lau, gama kowa da abin da ya ke sayarwa. Rigima ta kan tashi ne in mahauta sun yi yawa, masu sayen nama kuwa kaɗan. To, kasuwar ita ce mazauni, sana'ar kowa ita ce gurbinsa, rige-rigen mahautan nan kuwa shi ne gasa.

ƘA'IDAR GASA

A shekarar 1934 wani masani mutumin Rasha, mai suna Gause, ya buga labarin wata jarrabawa da ya yi a Mosko. Ya ɗauki iri biyu na wasu ƙananan halittu na ruwa, waɗanda ba a ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu. Da ya zuba kowane iri a kwalbarsa ya ba shi abinci, sai kowanne ya hayayyafa. Da ya gama su a kwalba ɗaya da abinci iri ɗaya, sai cikin 'yan makonni iri ɗaya ya rinjayi ɗayan har ya ƙare. Bayan haka ya sake jarrabawa da wasu iri biyu, ɗaya mai cin abinci a saman ruwa, ɗaya mai ci a gindin kwalba, sai duka biyun suka zauna tare.

Daga nan masana suka fitar da ƙa'ida cewa iri biyu masu buƙata ɗaya sak, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ba za su dawwama tare ba in abin da su ke nema bai wadata ba. Tilas ɗaya ya kau, ko kuwa ya sake hanyar neman abinci. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a sarki biyu zamani ɗaya. Hanyoyin da halittu su kan rabu har su zauna lafiya guda uku ne manya: rabuwa ta lokaci, rabuwa ta wuri, da rabuwa ta irin abinci. Duka ukun ana ganinsu a gonar kowane talaka.

GERO, DAWA DA WAKE

Manomin ƙasar Kano ya daɗe yana aiki da wannan ƙa'ida, ko da ya ke bai ba ta suna ba. Da ruwan shuka ya sauka ya kan fara da gero, wani lokaci ma ya yi binne tun kafin ruwan. Sai dawa ta biyo baya. Wake kuwa sai damina ta yi nisa a ke sa shi a tsakankaninsu. Gero mai gaggawa ne, cikin wata uku ya nuna, a girbe shi a Agusta ko Satumba. A kwanakin da ya ke tsananin buƙatar ruwa da haske, dawa tana tafiya sannu a hankali. Da an kwantar da gero sai fili ya buɗe, dawa ta samu sarari ta fid da kai, ta nuna da sauran danshin ƙasa wajen Nuwamba. Shi ma wake a sa'an nan ya ke yaɗo ya rufe ƙasa, ya ba da ƙwaya, ya bar harawa. Wannan ita ce rabuwa ta lokaci.

Akwai kuma rabuwa ta abinci. In aka tumɓuke wake ko gyaɗa aka duba saiwar, za a ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne ƙarfin da ke cikin takin yuriya. Saboda haka wake ba ya tsananta wa hatsi a kan wannan abinci, har ma ya kan bar saura a ƙasa domin shukar baɗi. Tsarin nan da a ke kira gicci, inda a ke jera hatsi da tazara a giciye, a cika tsakani da gyaɗa ko wake, a kan wannan hikima aka gina shi. Binciken da David Norman ya yi daga Samaru a ƙauyukan Zariya, a ƙarshen shekarun 1960, ya nuna gaurayen shuka ya kan fi ba ƙaramin manomi riba da kwanciyar rai bisa ga shuka iri ɗaya, gama in wannan ya ƙi wancan ya kan yi.

Amma kada a ɗauka gauraye ba shi da hasara. Dawa doguwa ce, inuwarta ta kan danne wake ya ƙi yin ƙwaya da yawa. Dalili ke nan masanan Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, wadda ke da reshe a Kano da gonar gwaji a Minjibir, suka fito da tsarin kunya biyu na hatsi, kunya huɗu na wake, domin hasken rana ya isa ga waken.

Gasa mafi tsanani kuwa tsakanin 'yan iri ɗaya ta ke, don buƙatarsu ɗaya ce ta kowane fanni. In aka bar gero goma a rami ɗaya, duk sai su tashi sirara, zangarniya ƙanana. Shi ya sa a ke ragewa a bar biyu ko uku. Haka kuma ciyayi irin su ƙarangiya da harkiya dangin hatsi ne, saiwarsu a zurfi ɗaya ta ke da tasa, lokacin tashinsu ɗaya. Wanda ya makara da noman firi ya riga ya raba takinsa da ciyawa, maimai ba zai mayar masa da abin da ya tafi ba.

GAWO DA ITATUWAN BAƘI

Babu misalin da ya kai gawo bayyana wannan darasi. Sauran itatuwa da damina su ke yin ganye, shi kuwa da damina ya ke kakkaɓe nasa, ya tsaya kamar busasshe. Ganyen da ya zubar ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin shuka, hasken rana kuma ya ratsa rassansa ya isa ga gero. Da kaka ta yi, an kau da amfanin gona, sai ya yi kore shar. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai har ta iske ruwan da saiwar hatsi ba ta kai gare shi. Da bazara, sa'ad da abincin dabbobi ya yi wuya, sai ya zubo da 'ya'yansa, awaki da tumaki da shanu su taru a inuwarsa su ci, su bar kashinsu a wurin. Shi ma dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa naitirojin. Saboda haka hatsin gindin gawo ya kan fi na fili kyau. Gawo ya rabu da gero ta lokaci, ya rabu da shi ta zurfi, ya rabu da shi ta abinci. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan mai sare shi. A zamaninmu kuma, tun daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka ɗauki al'adar da su ke kira sassabin zamani, watau barin tohon itatuwa a gona da gyara shi maimakon ƙone shi, har aka kiyasta wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Jamhuriyar Nijar.

Ɗorawa da tsamiya da kanya suna da inuwa mai duhu da damina, hatsin gindinsu ya kan ragu. Amma kalwa da garin ɗorawa da 'ya'yan tsamiya su kan biya hasarar, kuma sassabe rassan ƙasa ya kan rage ta. Don haka manoma ke barinsu jefi-jefi.

Itatuwan baƙi sai an yi lura da su. Darbejiya daga ƙasar Indiya asalinta ya ke, itacen turare kuwa daga Ostareliya. Dukansu suna da amfani wajen inuwa da katako da tare iska, amma da damina su ke da ganye, saiwoyinsu kuma suna yaɗuwa a saman ƙasa inda hatsi ke ci. A Yambawa, wajen Ɗambatta, inda aka dasa jerin itatuwan turare domin kare gonaki daga iskar hamada, masana sun auna suka ga geron da ke kusa da jerin ya fi na nesa rauni. Da aka haƙa rami tsakanin itatuwan da gona aka datse saiwoyin, sai geron ya ƙaru. An buga wannan sakamako a 1994. Abin koyi a nan shi ne kowane itace a sa shi inda ya dace: darbejiya a bakin hanya da kasuwa da filin makaranta, gawo a tsakiyar gona.

WUTA-WUTA

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ta wuce abokiyar gasa, ɓarauniya ce. Ba ta wahalar neman abinci a ƙasa, sai ta maƙale a saiwar dawa ko gero ko masara ta tsotse. Kafin jan furenta ya bayyana a fili ta riga ta yi yawancin ɓarnar a ɓoye. Tushe ɗaya ya kan zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, kuma irin ya kan zauna a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira sai ya ji wani ruwa da saiwar shuka ke fitarwa.

Gurbinta ƙunci gare shi, kuma nan ne rauninta. Saiwar gyaɗa da waken soya da auduga ta kan ta da irin ya tsira, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu da yunwa. Saboda haka gonar da wuta-wuta ta kama, a huta da hatsi a cikinta, a sa waɗannan na shekara biyu ko uku. A sani kuma wake yana da tasa wuta-wutar dabam, maganinta shi ne irin wake mai jurewa, wanda malaman gona za su nuna. Ta fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji, taki yana rage ta. Wajibi ne a cire ta kafin ta yi iri, a tara a ƙone. In mutum ɗaya ya cire, maƙwabtansa suka bari, iska da ruwa da kofaton dabbobi za su komo masa da ita. Aikin na gayya ne, sai da umarnin shugabanni.

DABBOBI DA TSUNTSAYE

A makiyaya ɗaya saniya ta kan naɗe doguwar ciyawa da harshe, tunkiya ta bi gajera har ƙasa, akuya ta miƙe da ƙafafun baya ta ci ganyen ƙaya, raƙumi ya ɗauki na can bisa. Mai garke gauraye ya fi cin amfanin fili bisa ga mai iri ɗaya. Amma da bazara, in ciyawa ta ƙare, duk sai su komo kan kara da harawa da 'ya'yan gawo. Gurabe su kan matso juna a lokacin rashi, a nan ne gasa ke tsananta, a nan ne kuma rigimar manomi da makiyayi ta kan tashi. Tanadin harawa da tsare burtali da mashaya su ne rigakafinta.

Tsuntsaye ma haka. Balbela da carki duk saniya su ke bi, amma balbela tana kama fara da ƙwarin da ƙafar saniya ta tasa, carki yana cire kaska daga jikinta. Shaho da rana ya ke farauta, mujiya da dare. Mujiya da a ke jifa saboda camfi, ɓeraye ne yawancin abincinta, watau mai gadin rumbu ce wadda ba a biyanta.

GURBI BA YA ZAMA FANKO

In aka kau da wani mai rai, abincin da ya ke ci yana nan, wani zai zo ya gaje shi, kuma ba lalle magajin ya fi alheri ba. Ungulu ta yi ƙaranci a mahautanmu saboda guba da masu kama ta domin magani, har a 2015 aka sa irin tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. A Indiya, cikin shekarun 1990, ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 saboda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac da ya rage a jikin mushe. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnuka marasa iyayengiji suka yawaita, su ne kuwa masu yaɗa ciwon haukan kare.

Har wa yau, sake halin wuri ya kan buɗe wa wani ƙofa. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejiya ya daina bin tsohuwar al'adarsa ta cika da damina da janyewa da rani. Ciyawar kacalla, mai son ruwa kwance shekara duka, ta samu abin da ta ke so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su a fadamun Haɗejiya da Nguru, ta zama maɓoyar jan-baki mai cin hatsi. Hakiman da ke da noman rani a ƙasarsu, kamar wajen madatsun Watari da Tomas, su sa ido a riƙa yashe magudanan ruwa.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

1. A hana sare gawo ɗanye, a kuma gargaɗi manoma su bar tohonsa lokacin sassabe, su kare shi daga awaki har ya fi ƙarfinsu.

2. In an kawo ƙarar itacen kan iyaka, a fara duba wane iri ne. Sau da yawa rage rassa ko datse saiwa ya isa, ba sai an sare ba. A nemi shawarar malamin daji kafin a yanke magana.

3. A sa rana a kowace unguwa ta cirar wuta-wuta kafin furenta ya bushe, a yi shela a masallatai da kasuwanni.

4. A tsare burtali da mashaya kada a nome su.

5. A hana sa guba a mushe, da kama ungulu, da kashe mujiya.

6. Malamai su buɗe shafi a littafin gunduma, su riƙa rubuta ƙauyukan da wuta-wuta ta yi tsanani, da adadin iznin sare itace da aka bayar, da duk wata baƙuwar ciyawa ko tsutsa da aka gani, da ranar da aka gan ta. A aika da labarin ga malamin gona na ƙaramar hukuma ba da jinkiri ba.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Mene ne bambancin mazauni da gurbi? Kawo misali daga ƙauyenku.

2. Ta waɗanne hanyoyi uku gawo ya rabu da gero?

3. Don me a ke rage gero a rami?

4. Me ya sa gyaɗa ke rage irin wuta-wuta a ƙasa?

5. Wane abu ne ya biyo bayan ƙarancin ungulu a Indiya?

Ƙasarmu ba za ta ƙara faɗi ba, jama'a kuwa ƙaruwa su ke yi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu jera shuka da itace da dabba yadda kowanne zai ci rabonsa ba tare da ya danne ɗan'uwansa ba, kamar yadda kakanninmu suka fara. Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki Hakimai a kan riƙon talakawa, ya ba mu damina mai albarka, amin.